Mai masauki da baƙo: yadda fuskar wayarka ke samar da haske

Fuskar waya nau'in OLED ba ta buƙatar fitila a bayanta, domin kowane ɗigo shi ke samar da haskensa. A cikin ɗigon ana cakuɗa sinadarai biyu masu tushen kabon, waɗanda masana ke kira mai masauki da baƙo. Mai masaukin ne ke karɓar wutar lantarki ya miƙa ƙarfinta ga baƙon, shi kuma ya fitar da launi. Kaɗan ake zuba baƙon, don idan ƙwayoyinsa suka cunkushe sukan kashe hasken juna.

Ching Tang da Steven Van Slyke ne suka ƙera na farko mai aiki a kamfanin Kodak a 1987, sai dai kashi 25 cikin 100 na ƙarfin kawai ke iya zama haske. A 1998 masu bincike a Amurka suka nuna cewa baƙo mai ɗauke da ƙarfe mai nauyi na iya cin moriyar sauran kashi 75. A yau ƙarfen iridiyom ake amfani da shi, kuma Afirka ta Kudu ce ke haƙo mafi yawansa.

Launin shuɗi ne ya fi wahala. Yana buƙatar mai masauki mai ƙarfi sosai, ƙarfin kuma yana farfasa ƙwayoyin, shi ya sa shuɗin ke fara dusashewa.

A 2012 Chihaya Adachi na Jami'ar Kyushu a Japan ya gabatar da hanyar da ba ta buƙatar ƙarfen. Afirka na da ma'adinin, amma haƙƙin mallakar fasahar yana hannun wasu.