Sauya unguwa a Abuja: Yadda cunkoso ke shafar tsaron mai haya

Duk ma'aikacin da tsadar haya ta kora daga Wuse ko Garki, tambaya biyu yake yi wa dillali bayan an gama ciniki: yaya hanya, yaya kuma tsaro? Amsar dillali ba ta sauyawa, lafiya lau. Sai dai a garuruwan da ke kewaye da Abuja, tambayoyin nan ba a raba su, domin cunkoso ne ke yanke wa mutum lokacin fita da na dawowa, lokacin kuwa shi ne rabin tsaronsa.

A ɗauki Mararaba, wadda ke Ƙaramar Hukumar Karu a Jihar Nasarawa. Kusan duk mai shiga birni daga can hanyar Keffi yake bi, ta Nyanya da Kugbo zuwa AYA. Tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba da tsakar rana takan cinye sa'o'i da safe, ballantana idan tirela ta lalace a hawan Kugbo. Wanda ke son isa Sakatariyar Tarayya ƙarfe 8 kan fita da sallame sallar asuba, ya dawo bayan isha'i. Ke nan sau biyu a rana yana tsaye bakin titi cikin duhu yana neman mota. A irin wannan lokaci ne aka fi faɗawa hannun 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a motar haya ta bogi su ƙwace masa waya, su kuma tilasta masa kwashe abin da ke asusunsa. Ɗan kasuwar da ya taso daga Kasuwar Wuse da cinikin yini a aljihu ya fi kowa sanin nauyin wannan.

Ta ɓangaren Kubwa lissafin ya juya. Titin yana da faɗi, sai dai sababbin gidaje masu sauƙin kuɗi suna can ƙarshen gari, inda gini ya haɗu da duwatsu da daji. A watan Janairun 2024 masu garkuwa da mutane sun shiga gidaje a yankin Bwari, har da rukunin gidajen Sagwari da ke Dutse, suka tafi da mutane. Wannan bai mayar da Bwari duka wurin gudu ba. A unguwa ɗaya, gidan da ke tsakiyar jama'a da wanda bayansa daji ne ba ɗaya suke ba, ko da kuɗin hayarsu ɗaya.

Saboda haka ranar Lahadi da rana, lokacin da dillalai suka fi son kai mutum, ita ce mafi ƙarancin amfani. A je ranar Litinin ƙarfe 6 na safe a bi hanyar har ofis da agogo a hannu, a sake komawa bayan ƙarfe 9 na dare. A ga ko shaguna na buɗe, ko akwai mai ɗaukar mutum daga babban titi zuwa ƙofar gida, kuma ƙarfe nawa ake rufe ƙofar layi. Mai shayi da mai gadi sun fi mai gida faɗin gaskiya, tunda ba su da ɗakin da suke son a kama. Idan ana karɓar kuɗin 'yan sintiri, a tambayi abin da ya sa aka fara.

Akwai kuma damina. Ambaliyar da ta shanye rukunin gidajen Trademore a Lugbe a watan Yunin 2023 ta isa ta sa mai neman gida ya duba alamar ruwa a jikin katanga, musamman idan kwalbati ɗaya ce mashiga da mafita.

Daga ƙarshe a sanya kuɗin mota cikin lissafi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, rarar da mutum ya samu a haya na iya ƙarewa a hannun direbobi kafin shekara ta zagayo. A ninka kuɗin zuwa da dawowa sau kwanakin aiki, a haɗa da na kai yara makaranta, sannan a kwatanta da hayar da ake gudu.