Kwana 21: Yadda Aka Rage wa Gwamnan Pennsylvania Ikon Dokar Ta-ɓaci

A Amurka gwamnan jiha yana da ikon ayyana dokar ta-ɓaci da kansa, saɓanin Najeriya inda sashe na 305 na tsarin mulki ya damƙa wannan iko a hannun shugaban ƙasa. Shekara da shekaru gwamnonin Amurka suna amfani da shi wajen ambaliya da guguwa ba tare da wata hayaniya ba. Annobar korona ce ta tayar da ƙura.

A jihar Pennsylvania, Gwamna Tom Wolf ya ayyana dokar ranar 6 ga Maris 2020, daga baya ya rufe makarantu da shaguna, ya umarci jama'a su zauna a gida. Doka ta ba shi kwana 90, kuma yana iya sabuntawa sau nawa ya ga dama. Majalisar dokokin jihar, wadda 'yan jam'iyyar Republican ke da rinjaye a cikinta a lokacin, ta zartar da ƙudurin kawo ƙarshen lamarin. Sai kotun ƙolin jihar ta ce, a Yulin 2020, dole a miƙa ƙudurin gaban gwamna, shi kuwa ya ƙi sa hannu. 'Yan majalisar ba su da kashi biyu bisa uku da za su tsallake shi da shi.

Daga nan suka koma ga tsarin mulkin jihar, wanda gyara shi ba ya buƙatar hannun gwamna. Ranar 18 ga Mayu 2021 masu zaɓe suka amince, da ƙaramin rinjaye, cewa dokar ta-ɓaci ba za ta wuce kwana 21 ba sai majalisa ta tsawaita ta, kuma majalisa tana iya soke ta da rinjaye kawai. Nan ne asalin sauyin yake: a da, majalisa in ta yi shiru doka ta ci gaba, yanzu shirun nata kashe dokar yake yi. A watan Yuni majalisa ta soke dokar ta-ɓacin korona.

Masu goyon bayan gyaran sun kafa hujja da 'yancin taruwa da na neman abinci, waɗanda bai kamata mutum ɗaya ya riƙe su fiye da shekara ba. Masu adawa suka ce annoba ba ta jiran zaman majalisa. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, ko da yake siyasar jam'iyya ta yi tasiri a duka biyun.

Tasirin gyaran ya bayyana da wuri. A ƙarshen Agustan 2021 ma'aikatar lafiya ta wajabta takunkumi a makarantu ba tare da dokar ta-ɓaci ba, a watan Disamba kotun ƙolin jihar ta rushe umarnin.