Koyo Ba da Sani Ba: Abin Lura ga Ma'aikatan Yaƙi da Jahilci

Bahaushen da bai taɓa shiga aji ba yakan ce mota, motoci, ƙasa, ƙasashe, kaza, kaji. Ba ya kuskure, amma in an tambaye shi dalili, ba zai iya cewa t da s da z suna komawa c da sh da j a gaban i ko e ba. Wannan sani tun yarinta ya same shi. Tambayar da ta dami masana ita ce: shin babba ma yana iya kama sabuwar dangantaka tsakanin abubuwa ta wannan hanya?

A shekarar 1967, Arthur Reber, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya ba manya jerin haruffa su haddace, bai gaya musu cewa akwai ƙa'idar da ta tsara su ba. Daga baya ya nuna musu sababbin jeri, suka riƙa rarrabe masu bin ƙa'ida da masu saɓa mata fiye da yadda cinke zai bayar, alhali sun kasa bayyana ƙa'idar.

A 2005, John Williams na Jami'ar Kembirij ya kai gwajin ga ma'ana. Ya koyar da ƙirƙirarrun kalmomi huɗu, gi, ro, ul da ne, ya ce biyu na nuna kusa, biyu nesa. Abin da ya ɓoye shi ne, biyu daga cikinsu suna tafiya da mai rai, biyu da marar rai. Waɗanda suka ce ba su lura da komai ba, su ma zaɓinsu ya fi karkata ga daidai. Sai dai Hama da Leow sun sake gwajin a 2010 bisa wasu sharuɗɗa, ba su sami wannan sakamako ba. Ke nan ikon yana nan ga babba, amma yana da rauni, kuma ya danganta da yadda aka gabatar da misalai.

Darasi biyu ke nan ga masu tsara karatun manya. Na farko ya shafi littafi: misalai masu yawa, masu tafiya a kan tsari guda, suna iya dasa ƙa'ida kafin malami ya ambace ta, ko da yake abin da kunne ba ya ji, kamar rabon kalmomi a rubuce, sai an yi bayaninsa a fili. Na biyu ya shafi jarrabawa. Ɗalibin da ya kasa faɗin ƙa'ida ba lalle ne ya rasa ta ba. In aka ba shi jimloli biyu ya zaɓi ta daidai, sanin nasa zai fito. In kuwa aka tsaya ga tambayar ƙa'ida kaɗai, za a kayar da wanda ya iya, wataƙila ma ya bar ajin yana zaton ba shi da kai.