Malam-Buɗe-Littafi Da Faɗa-Wuta: Yadda Za Mu Gane Tsutsar Da Ke Cin Gonarmu

  

'Yan uwa, a nan Garwa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, damina lokaci ne na ƙwari masu fukafukai. Da rana muna ganinsu a kan furanni da danshin bakin kogin Binuwai, da dare kuma su yi dandazo a kan fitila. Yawancinmu ba ma rarrabe su, 'ya'yansu ma duka "tsutsa" muke ce musu. Wannan rashin rarrabewa yana da tsada. Wani manomi zai ci bashi ya sayi magani ya fesa wa tsutsar da ba ruwanta da amfaninsa, wani kuma zai ƙyale wadda za ta lalata masa masara kafin ya farga. Rashin sani ya fi dare duhu. Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne, mafi yawan masu tashi da rana ba su da laifi a gona, masu ɓarnar kusan dukkansu 'ya'yan masu tashi da dare ne, kuma kowacce tana da alamar da ido ke iya gani.

Iyali ɗaya, gida biyu

Bahaushe yana kiran na rana malam-buɗe-littafi, saboda yadda yake buɗe fukafukai yana rufewa kamar shafuka. Na dare kuwa shi ne faɗa-wuta. Larabawa suna ce musu farash. Kalmar ta zo a Suratul Ƙari'a wajen misalta halin mutane ranar tashin alƙiyama, ta kuma zo a hadisin Bukhari da Muslim inda Annabi (SAW) ya misalta kansa da mutumin da ya hura wuta yana kare ƙwari daga faɗawa cikinta. Masana sun ƙidaya fiye da iri 150,000 a wannan iyali, kuma kusan kashi 9 cikin 10 na dare ne.

Dukkansu matakai huɗu suke bi: ƙwai, sai tsutsa, sai ta kwanta ta rufe kanta cikin kwanso a jikin ganye ko cikin ƙasa, sai ta fito da fukafukai. Babban ba ya tauna ganye, ruwan fure yake zuƙa. Cin duka a matakin tsutsa ake yinsa.

Ga alamomi uku na rarrabe manyan. Na farko, 'yan ƙahonnin nan biyu sirara da ke ka: na malam-buɗe-littafi suna da ɗan ƙulli a ƙarshe kamar kan ashana, na faɗa-wuta kuwa kamar zare suke ko kamar gashin tsuntsu. Na biyu, yadda suke sauka: na rana yakan haɗa fukafukansa a tsaye bisa bayansa, na dare yakan shimfiɗa su ko ya kifa su kamar jinkar ɗaki. Na uku, jiki: na rana siriri ne, na dare galibi kakkaura ne mai gashi. Akwai masu saɓa wa ƙa'ida, amma alamar ƙaho ba ta cika yaudara ba.

Ita kuma tsutsarsu tana da ƙananan ƙafafu shida masu tsini a gaba, da wasu masu taushi a tsakiya da baya da take riƙe ganye da su. Da wannan za a bambanta ta da gwazarmar juji, wadda ƙafafun gaba kaɗai take da su, da tsutsar ƙuda wadda ba ta da ƙafa ko ɗaya.

Na rana da muka fi gani

Wanda ya fi kowanne sauƙin ganewa shi ne mai ruwan goro da baƙin gefen fukafuki mai fararen ɗigo, wanda masana ke kira Danaus chrysippus. A yankinmu fukafukansa na baya galibi farare ne. Yana tashi a natse, ba ya gaggawa, domin tsutsarsa tumfafiya take ci, gubar tumfafiyar kuma tana zama a jikinsa har ya girma, tsuntsun da ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya sakewa. Idan aka duba ƙarƙashin ganyen tumfafiya za a ga tsutsar, mai zobe-zoben baƙi da fari da rawaya, da wasu baƙaƙen zaruruwa shida a bayanta. Wani abin mamaki, akwai wani iri daban, Hypolimnas misippus, wanda macensa ta ɗauki kamannin wannan mai gubar sak, alhali ba ta da guba irin tasa, tsuntsaye suna ƙyale ta. Namijinta kuwa baƙi ne mai manyan fararen tabo. Kama da wane ba ta wane.

Akwai kuma farare da masu ruwan ɗorawa da ke taruwa a kan laka suna tsotsar gishirin ƙasa. Wasunsu tsutsarsu ganyen anza take ci, wasu tafasa da danginta. Wani lokaci sukan ratsa gari da yawa suna bin hanya ɗaya, mutane su tsorata su ce annoba ce ta zo. Hatsi ba abincin 'ya'yansu ba ne.

Wanda ya kamata masu lambu su lura da shi shi ne babban baƙi mai ɗigon rawaya, Papilio demodocus, mai yi wa lemo ƙwai. Tsutsarsa tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take a kan ganye, idan ta girma ta zama koriya, in an taɓa ta ta fito da wani ƙaho mai rassa biyu mai wari. Tana iya tsiyaye dashen lemo, amma tsincewa da hannu ya wadatar.

Na dare masu ɓarna

Ta farko ita ce baƙuwar tsutsar masara, wadda malaman gona ke kira chenille légionnaire da Faransanci. Asalinta daga nahiyar Amurka ne. An fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016 a kudu maso yammacin Najeriya, kafin ƙarshen 2017 ta game Kamaru da mafi yawan ƙasashen da ke kudu da Sahara. Uwarta 'yar toka-toka ce da ba a kula da ita, amma tana iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya, tana zuba ƙwai 100 zuwa 200 wuri guda a jikin ganye ta lulluɓe su da gashinta. A zafi irin namu, wata ɗaya ya ishe ta daga ƙwai zuwa sabon ƙwai. Alamominta biyu ne: a goshinta akwai farin zane kamar harafin Y na boko a kife, kusa da wutsiyarta kuma akwai baƙaƙen ɗigo huɗu da suka jeru kamar kusurwoyin ɗaki. Tana ɓuya a tsakiyar masara inda sabon ganye ke fitowa, ta bar kashi kamar dusa.

Ta biyu ita ce tsutsar ƙwallon auduga, Helicoverpa armigera, wadda duk mai noma tare da Sodecoton ya san ɓarnarta. Launinta yana canzawa, daga kore zuwa ruwan ƙasa, saboda haka ba a dogara da launi. A duba farin layin da ya bi gefen jikinta, da yadda take cusa kai cikin ƙwallo ta bar sauran jikinta a waje. Uwarta ɗaiɗai take ajiye ƙwai. Tana cin tumatir da kuɓewa da masara, wato lambunan rani su ne gadar da take bi daga damina zuwa damina. A ƙarshen shekarun 1990 ta fara jure wa magungunan da aka saba fesawa a Afirka ta Yamma, daga baya hakan ya bayyana a arewacin Kamaru. Dalili shi ne yawan maimaita magani iri ɗaya: masu rauni su mutu, masu juriya su hayayyafa.

Ta uku tana cikin kara, ba a ganinta a fili. Masu dashen masakwa, dawar rani da Fulani ke kira muskuwaari, a filayen karal na wajen Marwa da kwarin Binuwai, sun san yadda zuciyar dawa ke bushewa alhali ganyen waje na nan kore. Idan aka tsaga karan za a tarar da tsutsa mai ɗan ja-ja, Sesamia cretica. Masu huda kara sukan fake a cikin karan da aka bari bayan girbi, shi ya sa tara kara a bakin gona har wata shuka kamar ajiye wa ɓarawo ɗaki ne.

Sai gizaka mai gashi da ke fitowa farkon damina ta auka wa wake da gyaɗa. A gargaɗi yara kada su ɗauke ta da hannu, gashinta yana sa ƙaiƙayi.

Kada kuma mu yi wa na dare kuɗin goro. Manyan nan masu dogon baki da ke shawagi a kan fure da magariba suna kai garin fure daga wannan zuwa wancan, gwanda na cikin masu amfana. Zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi, daga gidan da wasu tsutsotsi ke saƙawa tare a jikin itatuwa ake samo shi.

Yadda ake dubawa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan asuba ko dab da magariba. Hanyar da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ke koyarwa mai sauƙi ce: a ratsa gona a karkace, a tsaya wuri biyar, a duba shuka goma a kowane wuri, a ƙidaya nawa ne cikin hamsin ɗin ke da sabon ci ko tsutsa. A yi haka sau ɗaya ko biyu a mako tun masara na ƙarama. Ƙwan da aka gani a murtsuke shi, ƙaramar gona kuma a tsince da hannu ko a zuba toka ko yashi a tsakiyar shukar. Idan abin ya yi yawa, a ɗauki hoto da waya, na kai da na wutsiya, a kai wa malamin gona tare da lissafin, ko ma'aikatan cibiyar binciken noma ta IRAD da ke Garwa. Idan feshi ya zama dole, a yi shi da yamma lokacin da tsutsar ke fitowa, a rufe hanci da jiki, kada a sa yara, kada a mayar da galan ɗin magani mazubin ruwa. Feshin da bai da dalili yana kashe ƙudan zuma da zanzaro da tururuwa, alhali zanzaro da tururuwa su ne ke farautar tsutsar kyauta.

Ɗalibanmu kuma ga darasi marar tsada. A rataya farin zane kusa da fitila da dare, a duba abin da ya sauka. A sa tsutsa ɗaya a kwalba mai hudajjen murfi tare da ganyen da aka same ta a kai, a riƙa canza ganyen, a rubuta ranar da ta kwanta da ranar da ta fito. Yaron da ya yi haka sau uku zai iya nuna wa mahaifinsa wace ce ke cin gona, wace ce kuma ta tumfafiya da za a bari ta wuce.

Allah ya tsare mana amfanin gonakinmu, ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana ilimi mai amfani. Wallahu a'alamu.