Ɗan uwan mai kaɗa wutsiya da ya maƙale a tsibiri

Da sanyi ya shigo, bakin Farin Nilu a unguwar Alshajara kan cika da wasu ƙananan tsuntsaye masu farar fuska da tokar baya. Sai su ruga kan laka, su cafke ƙwaro, su tsaya cak suna kaɗa doguwar wutsiya sama da ƙasa. Baƙi ne daga Turai da Asiya, kafin zafi ya kankama sun koma.

Suna da wani ɗan uwa da ba ya ci-rani. A tsibirin Sawo Tome, cikin tekun Gini, yake zaune, a bakin rafukan da ke gangarowa daga duwatsu ta cikin kurmin kudancin tsibirin. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, wutsiyarsa guntuwa, yana bin jiƙaƙƙun duwatsu da rassan ƙasa-ƙasa yana tsintar ƙwari. Tun 1928 ba a sake ganinsa ba sai a 1990.

Saboda siffarsa, masana sun daɗe suna jingina shi ga wani dangi dabam, sai binciken ƙwayoyin halitta na 2015 ya mayar da shi cikin masu kaɗa wutsiya. Abin tsoron shi ne ba shi da wani gida a duniya sai wannan kurmi, ga masu sarar daji suna ta matsowa.