Idan Linux Ta Ƙi Tashi, Karanta Kafin Ka Goge

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, saura mako biyu in miƙa babi na uku na kundina, aka ɗauke wuta ina tsakiyar rubutu. Batirin kwamfutata ya daɗe da lalacewa, saboda haka nan take ta mutu. Da wuta ta dawo na kunna ta, sai na ga baƙin allo cike da fararen rubuce-rubucen Turanci, can ƙasa kuma ga kalmar initramfs a cikin baka biyu. Mai gyaran da na kai wa bai ko karanta rubutun ba, ya ce sai an goge komai an zuba Windows. A cikin wannan "komai" akwai hirarrakin da na yi wata uku ina ɗauka da dattawan unguwar Sabo. Na ɗauki kayata na dawo ɗaki. Da yamma na rubuta layi ɗaya tak, kwamfutar ta tashi, babu abin da ya ɓata sai sakin layi biyu na ƙarshe.

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan yadda ɗalibi zai gane inda Linux ta tsaya idan ta ƙi tashi, da abin da zai iya yi da kansa kafin ya nemi mai gyara.

Mece ce Linux?

Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kamar dai Windows, sai dai ita kyauta ce, kuma kowa yana da damar duba yadda aka gina ta. Linus Torvalds ne ya fara ta a 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki. Tana da ire-ire da yawa, amma misalaina duk daga Ubuntu suke, wadda ta fara fitowa a 2004. Ɗalibai masu kwamfuta 'yar kwatano sun ƙara komawa gare ta tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, domin tsofaffin injuna da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

Matakan tashi

Kwamfuta ba ta tashi gaba ɗaya. Da farko ƙaramar manhajar da ke jikin injin, wato BIOS ko UEFI, ita ce ke farkawa ta nemi faifan da za a tashi daga gare shi. Sai ta miƙa aiki ga GRUB, shi kuma ya ɗauko zuciyar Linux da ake kira kanel. Kanel ya buɗe faifai ya tashi sauran ayyuka, daga ƙarshe a ga allon shiga da fuskar aiki. Tambayar farko ke nan ga mai matsala: a wane mataki aka tsaya? Ubuntu takan rufe bayanan da tambarinta, amma idan aka danna Esc lokacin da tambarin yake kan allo, za a ga layukan suna wucewa. Ɗauki hoton layin ƙarshe da wayarka.

Idan allon ya ce bai ga abin da zai tashi daga gare shi ba, to ba a ma kai ga Linux ba tukuna. Fara da zare duk filas ɗin da ke jiki. In ba a dace ba, sake kunnawa kana danna maɓallin zaɓin faifai, F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 a HP, ka zaɓi Ubuntu. Haka ma masu Windows da Ubuntu a inji ɗaya za su yi idan wata rana suka ga Windows ta wuce kai tsaye. Ubuntu tana nan, layi kawai aka tsallake mata.

Bayan ɗauke wuta

Wannan ita ce matsalar da ta fi damun mu a nan, don haka zan ɗan tsaya a kanta. Faifai yana da lissafin inda kowane fayil yake, tamkar katin kataloji a laburare. Idan wuta ta yanke ana cikin rubuta wannan lissafi, sai a sami saɓani tsakaninsa da abin da ke kan kanta. Sau da yawa Linux takan daidaita shi da kanta ba tare da mun sani ba. In saɓanin ya yi yawa sai ta tsaya, domin ci gaba da rubutu a kan rikitaccen lissafi shi ne zai jawo asara ta gaske. Ke nan baƙin allon da ya firgita ni kariya ce aka yi mini.

Duba sama kaɗan da kalmar initramfs. In ba ka ga komai ba, rubuta exit ka danna Enter, saƙon zai fito. A ciki za ka ga kalmar fsck tare da sunan ɓangaren faifan da ya sami matsala, kamar /dev/sda2 ko /dev/nvme0n1p2. A tawa kwamfutar abin da na rubuta shi ne:

fsck -y /dev/sda2

Kada ka kwafi nawa, yi amfani da sunan da allonka ya nuna. Harafin y yana nufin ka amince da duk gyaran da za a yi. Idan ya gama, rubuta exit ko reboot. Fayil ɗin da kake rubutawa lokacin da wutar ta tafi zai iya samun giɓi, amma sauran galibi suna nan lafiya. Sai dai in abin yana maimaituwa ba tare da an ɗauke wuta ba, wataƙila faifan ne ya kusa mutuwa. Kwashe kayanka a ranar.

Baƙin allo bayan sabuntawa

Wani lokaci jiya an sabunta manhaja, yau allo ya yi baƙi ƙirin babu ko rubutu. Yawanci sabon kanel ne bai jitu da direban hoto ba, musamman a injuna masu katin Nvidia. Ubuntu ba ta zubar da kanel ɗin jiya nan da nan. Sake kunnawa ka riƙe Shift, ko ka danna Esc in injin na UEFI ne, har jerin GRUB ya bayyana. Shiga layin da aka rubuta "Advanced options", ka zaɓi kanel mai ƙaramar lamba.

In wannan bai yi ba, a jerin GRUB danna e, ka nemi inda aka rubuta quiet splash, ka ƙara nomodeset a bayansu, sannan F10. Hoton zai fito manya-manya ba kyan gani, amma za ka shiga. Wannan canji na tashi ɗaya ne, ba ya zama.

Kalmar sirri daidai, ƙofa a rufe

Akwai kuma wanda zai sa kalmar sirri, allo ya yi ƙyaf, ya dawo da shi inda ya fito. Abu na farko da za a zarga shi ne cikar faifai, kuma mu masu tara muryoyi da finafinan Hausa da sunan nazari mun fi kowa faɗawa ciki. Danna Ctrl da Alt da F3 tare. Allon rubutu zalla zai fito ya nemi sunanka da kalmar sirri. Ba za ka ga ko ɗigo ba yayin da kake buga ta, haka tsarin yake. Rubuta df -h ka duba layin da ya ƙare da alamar / ita kaɗai. Idan ka ga 100%, ka kama ɓarawo. Umarnin sudo apt clean zai share tarkacen sabuntawa, sau da yawa hakan ya isa a shiga a rage sauran.

Idan kuwa cewa aka yi kalmar sirrin ba daidai ba ce, tuna da kibod. Ubuntu tana da tsarin kibod na Hausa, kuma a cikinsa wasu maɓallai suna ba da haruffa daban da waɗanda aka zana a kansu. Ni da na koyi bambancin "ƙafa" da "kafa" a aji, har nakan yi alfahari da ƙugiya, na taɓa sa ƙ a kalmar sirrina. Ban ji daɗin abin ba, domin allon shiga yana kan kibod na Turanci. Kalmar sirri ta tsaya a haruffa marasa ƙugiya.

Da yake an zo kan ƙugiya, idan ɓ da ɗ da ƙ suka koma 'yan akwatuna ko suka bambanta da sauran haruffa a kundinka, rubutunka bai lalace ba. Salon harafin da ka zaɓa ne ba shi da su. Koma DejaVu ko Noto ko Charis SIL.

Filas ɗin ceto

Filas ɗin da aka zuba maka Ubuntu da shi ba na rana ɗaya ba ne. Idan duk abin da ke sama ya ci tura, soka shi, ka tashi kwamfutar daga gare shi, ka zaɓi "Try Ubuntu". Kula sosai a nan, kada hannu ya kai ga "Install", domin ta wannan hanya ce ake iya goge faifai. Ubuntu za ta yi aiki daga filas ɗin ba tare da ta canza komai a faifanka ba. Buɗe ma'ajiyar fayiloli, ka shiga faifan, ka nemi jakar home, a ciki akwai wata mai sunanka. Kwashe ta zuwa wani filas ko faifan waje. Bayan haka ne za ka iya kai wa mai gyara, in ya ga dama ya goge. Nawa filas ɗin na 8GB ne, yana cikin jakar da nake ajiye katin shaidar makaranta, kuma 'yan ajinmu uku sun riga sun are shi.