Bana: in an tashi daga makaranta, wa ke riƙon yara?

A garin Bana, cikin gundumar Gaya ta jahar Doso, in an tashi daga makarantar boko, malami ya sauke nauyinsa. To amma iyaye ba su gida: uba yana gona ko fadama, uwa tana kasuwa. Waɗansu ma sun yi Gaya, ko Kamba ta Najeriya, wajen neman na sakawa bakin salati. Wa zai riƙe yaro har magariba?

Mai hali yana da ƴar aiki, yana kuma biyan malamin da zai yi wa ɗansa bita. Ma'aikacin gwamnati yana karɓar kuɗin yara tare da albashi. Na kamfani yana samun nasa daga asusun CNSS. Manomi da mai saida ƙosai ba su cikin wannan lissafi. Nasu ƴaƴan sai makarantar allo, ko gindin kaka, ko farantin talla. Yarinyar da ke goyon ƙane ko yawon talla har dare, ita ce ke gyangyaɗi cikin aji da safe, ita ce kuma ake fara cirewa daga karatu. Rufe iyakar Gaya da Malanbil da aka yi a 2023 ya ƙara ƙuntata wa gidajen da ke ci daga fatauci.

A Faransa, asusun iyali yana tallafa wa wuraren ajiye yara bayan karatu, iyaye kuma suna biya gwargwadon samunsu. A Nijar, tallafin da aka fi sani shi ne abincin makaranta, wanda gwamnati da hukumar PAM ke bayarwa a waɗansu makarantu. Abinci yana maganin yunwa, amma ba ya tsaron yaro da marece.

Alhali hanyar tana nan. Dokar ilimi ta 1998 ta amince wa kowane yaro haƙƙin karatu. A 2016 an miƙa wa komin-komin wani ɓangare na sha'anin ilimi, akwai kuma hukumar ANFICT da ke isar musu da kuɗin gwamnati. Makarantu suna da kwamitin gudanarwa da ƙungiyar iyaye mata. Ba sabon gini ake bukata ba: aji ɗaya a buɗe da marece, fitila, kofin kunu, da ɗan ihisani ga mata biyu ko uku masu tsaro.

Abin da ya rage shi ne a ware wa wannan aiki kasonsa cikin kasafin komin. Ƴan kasuwa masu biyan haraji da ma'aikata masu tsara kasafin, ku ya kamata ku tada maganar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.